Ɗalibaina duk likitanci suke so, ta yaya zan karkato da su ga aikin injiniya?

Tambaya: "Assalamu alaikum Injiniya. Ni malamin Fiziks ne a wata sakandaren gwamnati a cikin birnin Kano, kuma ni aka ɗora wa ba 'yan SS2 da SS3 shawarar abin da za su karanta. Duk shekara in na tambayi ajin kimiyya me suke son zama, kusan kowa likita, in bai samu ba to aikin jinya ko haɗa magunguna. Masu cewa injiniya ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ina son in ƙarfafa musu gwiwa su duba aikin injiniya da masana'antu, sai wani uba ya tare ni ya ce, 'Malam, kamfanonin Bompai da Sharaɗa duk sun koma sito, a ina za su yi aikin?' Na rasa amsar da zan ba shi. Shin ba yaudarar yaran zan yi ba? In kuma akwai hanya, ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya saka maka da alheri da ka damu da makomar yaran nan. In na fahimce ka, abu biyu ne suka haɗe maka: ko akwai abincin da yaro zai ci a wannan fanni a Kano ta yau, da kuma yadda za ka sa wanda bai taɓa taka ƙofar kamfani ba ya yi sha'awar abin da bai taɓa gani ba. Ni injiniyan injina ne. Na haura shekara 20 ina kula da injina a kamfanonin Sharaɗa da Challawa, na roba da na man gyaɗa da na shinkafa, kuma duk shekara ana turo mini ɗaliban SIWES, wato masu zuwa koyon aiki a masana'anta a cikin karatunsu, daga jami'a da foliteknik. Daga wannan ɗakin gyara zan yi maka magana.

Uban yaron bai yi ƙarya ba

Ka fara ba shi gaskiyarsa, don abin da idonsa ya gani ya faɗa. Mu da muka tashi a shekarun 1980 mun ga lokacin da in aka tashi daga aiki a Bompai titi ke cika maƙil da kekuna. A garin nan ake haɗa keken Raleigh, a nan ake haɗa manyan motocin Fiat, ga masaƙu irin su Gaskiya, ga kamfanonin alewa da na kwano da na man gyaɗa. Yau da yawansu an kwance injinan an sayar wa 'yan gwangwan, ginin ya zama wurin jibge kayan da aka shigo da su daga waje.

Ruwa kuma ba ya tsami banza. Tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar Naira, kamfanin da ke sayo ɗanyen kaya da kayan gyara da Dala ya wayi gari lissafinsa ya rushe. Wutar NEPA ta yi ta ja da baya har kowane kamfani ya zama tashar lantarkin kansa, janareta na shan gas dare da rana. Jirgin ƙasan da ya iso Kano tun 1911 ya daina ɗaukar kayan a zo a gani, sai tirela daga Apapa, tafiyar kusan kilomita 1,000. Sannan atamfa da yadin Chaina suka kwararo ta kan iyaka a farashin da masaƙar gida ba ta isa ta kama ba. Hatta masaƙar UNTL ta Kaduna, wadda dubban iyalai ke ci a ƙarƙashinta, ta rufe a 2007. Matsalar wutar ma tana nan: a Afrilun 2024 kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni, ya tashi zuwa Naira 225 kowane yunit, a Oktoban shekarar kuma lalata layin Shiroro zuwa Kaduna ya jefa Arewa cikin duhu na fiye da mako guda.

To amma ka duba su wa suka mutu, su wa suka rayu. Wanda ɗanyen kayansa ke zuwa daga ƙetare, kuma wani zai iya cusa irin kayansa a kwantena ya kawo da araha, shi ya faɗi. Wanda ɗanyen kayansa ke gonar Kura ko kasuwar Dawanau ko mayankar gari, ko kuma kayansa ke da girma ba nauyi, yana nan yana aiki. Tankin ruwa na roba ko bokiti ko katifa, in ka ɗauko su daga Chaina, rabin kwantenarka iska ce ka biya wa kuɗin jirgi, shi ya sa dole a nan za a yi su. Don haka har gobe kamfanonin roba da leda da buhu da tabarma ke gudu, ga masu casar shinkafa da suka yawaita, ga masu tatsar man gyaɗa da waken suya, ga kamfanonin fata a Challawa da Sharaɗa, ga masu abincin kaji da haɗa taki da ruwan sha da biskit. Uban da ya bi ta ƙofar tsohuwar masaƙa ya ga kwaɗo ba zai san cewa bayan katangar gaba akwai injina da ke aiki har asuba ba, don kamfani ba ya talla a bakin titi.

Kuma aikin injiniya bai tsaya a masana'anta ba. KEDCO da tashar rarraba wuta ta Kumbotso, matatun ruwa na Tamburawa da Challawa, turakun sadarwa, injinan asibiti, masu haƙa burtsatse, masu gadoji da tituna, duk suna nema. Sola kaɗai ta buɗe kasuwar da babu ita lokacin da na gama makaranta. BUK kanta tana da tashar sola mai megawat 7.1 da aka ƙaddamar a 2019. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, ga bututun iskar gas na AKK, wato Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da aka fara a 2020. Wannan na ƙarshe in ya iso zai sauya lissafin wutar kamfanoni sosai, sai dai kar ka gina wa yaro buri a kan ranar kammala aikin gwamnati.

Abin da muke nema ba ma samu

Bari in ba ka labarin da har yau in na tuna nake jin kunya. Ina sabon shiga aiki, da digirina, wani injin zuba roba ya tsaya cak. Muka sauya abin ɗumama shi, bai tashi ba. Muka zargi allon sarrafa shi, aka yi odar sabo, aka jira, aka saka, shiru. Kusan mako uku injin na kwance, oda na taruwa, maigida ya daina amsa gaisuwata da fara'a. Daga ƙarshe aka ɗauko wani mutum daga Legas a jirgi. Bai taɓa injin ba sai da ya nemi littafinsa, wanda yake cikin durowata ban taɓa buɗe shafukan bayansa ba. Ya shimfiɗa zanen wayoyin a kan benci, ya riƙa bin layi da yatsa, yana auna wuri bayan wuri da mita. Kafin a kira la'asar ya gano wata siririyar waya da ta katse a cikin makunnin ƙofar kariya. Injin yana ganin ƙofa a buɗe take, shi ya sa ya ƙi motsi don kar ya matse hannun mutum. Abin da aka biya shi na wunin nan ya fi albashina na wata.

Mutumin nan bai fi ni takarda ba. Ya iya karanta zane, ya iya amfani da mita, kuma ya san dalilin da ya sa aka ƙera injin haka. Irinsa ne ke da wuyar samu a Kano, kuma shi nake so ka sa a gabanka duk lokacin da kake magana da ɗalibanka.

Matasa iri biyu ke zuwa wurina. Akwai ɗan jami'a da zai lissafa maka nauyin da sandar ƙarfe za ta ɗauka kafin ta lanƙwashe, amma in ka miƙa masa ma'aunin baniya, wato ɗan ƙarfen auna kauri, ka ce ya auna kaurinta sai ya riƙa juya shi kamar an ba shi carbin wani. Akwai kuma yaron shago da ya tashi a hannun oga, ya iya walda, ya iya naɗin koyil, kunnensa na gane boris ɗin da ya fara cinyewa tun daga bakin ƙofa, amma in ka ba shi zane mai lambobi ya tsaya. In na'urar kariya ta yi ta katse wuta, maganinsa shi ne ya haɗe wayar ya tsallake ta. Injin ya tashi, kowa ya yaba masa, bayan kwana biyu layi ɗaya cikin ukun da ke kawo wa injin wuta ya ɗauke, motar injin ta ci gaba da ja da layi biyu har koyil ya ƙone ƙurmus. Ɗan jami'ar ya san dalilin a takarda, yaron shagon yana da hannun, kowa ya riƙe rabi.

Tun da aka saki Naira a 2023 darajar wanda ya haɗa biyun ta ƙara tashi. A da in ƙarfe ya karye sai a yi oda, in injin ya gagara sai a kira Ba'indiye ko ɗan Chaina. Yanzu kowane maigida sai ya lissafa Dala kafin ya ɗaga waya, don haka wanda zai auna abin da ya karye, ya zana shi, ya zaɓi ƙarfen da ya dace a kasuwar Ƙofar Ruwa, ya tsaya a kan mai injin sassaƙar ƙarfe har a fitar da shi daidai, ba ya kwana da yunwa. Ko kamfani bai ɗauke shi ba, kamfanoni biyar za su riƙe lambarsa. Saboda haka amsata ga tambayarka ta farko ita ce: in takardar kaɗai za ka tallata musu da sunan "Injiniya" a gaban suna, akwai yaudara a ciki, don masu ita suna zaune da yawa. In iya aiki da sanin dalili za ka kwaɗaita musu, babu.

Ka kai su su gani

Yaro yana son likitanci ne don likita ya sani. Ya gan shi da farar riga, ya ga mahaifiyarsa na yi masa godiya. Injiniya kuwa bai taɓa ganinsa a bakin aiki ba, abin da ya sani shi ne bakanike a ƙarƙashin mota da baƙin mai har gwiwar hannu. Ba za ka goge wannan hoto da lacca a filin asambuli ba. Gani ya kori ji.

In wuri ɗaya kawai za ka iya kai su, ka nemi kamfanin shinkafa na zamani. A nan za su ga karatunsu gaba ɗaya a jere: shanshera na shiga, ana jiƙa ta, ana turara ta da tururin tukunyar da buntun shinkafar kansa ke hura wa wuta, ana busarwa, ana cire tsakuwa ta hanyar girgiza da iska saboda bambancin nauyi, ana ɓarewa, ana gogewa. Sai ka tsayar da su a gaban na'urar tsince baƙi. Shinkafa na gangarowa kamar ruwa, kyamara na kallon kowace ƙwaya, in ta ga mai baƙi sai wani ɗan bututu ya fesa mata iska ya fitar da ita daga layi, sauran su wuce. Ban taɓa kai ɗalibi wurin nan ya yi shiru ba. Wanda kullum ke barci a aji sai ka ji yana tambayar yadda na'urar ta san lokacin da za ta hura iskar, kuma amsar tambayarsa ita ce saurin faɗuwar abu da ka koya masa a SS1.

Hanyar samun izini ba ta da wuya in an bi ta ƙofa. Wasiƙa daga shugaban makaranta, a kai wa reshen ƙungiyar masu masana'antu ta MAN ko reshen ƙungiyar injiniyoyi ta NSE na Kano, ko kai tsaye ga manajan ma'aikata. Abin da ke sa mu ƙi shi ne a kwaso mana yara 100 a mota biyu ba sanarwa. Ka nemi kawo 15 zuwa 20, da malamai biyu, kowa da rufaffen takalmi. Ban da babbar riga, 'yan mata kuma su ɗaure hijabi ya kwanta a jiki, don bel ɗin injin ba ya tambaya kafin ya fizga. Ka roƙi a haɗa su da mai gyara, kar a bar su da jami'in hulɗa da jama'a kaɗai. Ka ba kowane yaro aikin da zai dawo da shi: ya zana hanyar da kaya ke bi daga shiga zuwa fita, ya rubuto abin da ke jikin farantin motar injin guda ɗaya, wato ƙarfinta da saurin juyawarta da wutar da take ja. In kamfani ya gagara, akwai matatar ruwa ta Tamburawa, da ɗakunan gwaji na tsangayar injiniya a BUK, da cibiyar ƙera kayan haidirolik ta hukumar NASENI ta gwamnatin tarayya da ke Kumbotso, da baje kolin da ƙungiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta KACCIMA ke shiryawa a titin gidan zu. Ko layin masu walda da ƙera injin niƙa ma aji ne, in malami ya san tambayar da zai yi.

A cikin aji kuwa, kai da kake da Fiziks a hannu ka fi kowa dama. Ka sa su kawo matacciyar fanka daga gida, irin wadda sai an tura ta da sanda take tashi. A kwance ta a kan tebur, a cire daga wuta tukuna, su gano da kansu cewa kafasita ce ta mutu, a sauya, a kunna. Yaron da ya koma gida ya tayar da fankar ɗakin mahaifiyarsa ya riga ya ɗanɗana abin da nake ji in injin ya tashi. Ka ba su lissafin da ke da amfani a gidansu: fanka mai wat 70 in ta yi awa 8 ta ci wat-awa 560, batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe wat-awa 2,400, amma irin na ruwan nan rabinsa ake so a sha in ana son ya daɗe, to fanka nawa zai kwana da su? Ko injin markaɗen unguwa: motar injin na juyawa sau 1,450 a minti, ƙaramar tayar bel inci 4, babbar inci 8, nawa dutsen ke juyawa? Su je su auna da kansu su dawo. Ko tankin ruwan makaranta: duk tsayin mita 10 yana ba da matsi kusan "bar" ɗaya a ma'aunin matsi, me ya sa famfon bene ba ya zuba da ƙarfi kamar na ƙasa?

Wani abin da nake ganin muna sakaci da shi shi ne nuna musu cewa ƙira gadonsu ce. An narka tama a gindin Dala tun kafin a yi ganuwa. Baturen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda saƙi da rinin garin ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Karofin Ƙofar Mata da majemar cikin gari masana'antu ne, masu ma'auni da tsari da sirrin sana'a. Mu ne daga baya muka raba, muka ce ɗan boko ofis, mai hannu kuma wanda karatu ya ƙi. In suna son misalin zamani, ga Jelani Aliyu, wanda ya tashi a Sakkwato, ya yi foliteknik a Birnin Kebbi, ya je Amurka ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors. Amma ka fi samun tasiri in ka gayyato tsohon ɗalibin makarantarku da ke aiki a Challawa ko yake da shagon sola, ya zo da kayan aikinsa, ya yi musu magana da Hausar unguwarsu.

Kar ka ware 'yan mata. Cikin ɗaliban SIWES da suka fi burge ni akwai wata da ta zauna ta rubuta duk lokacin da wani injin ya tsaya da dalilinsa har wata biyu, ta nuna mana cewa yawancin tsayawar da rana tsaka ce, lokacin da akwatin wutar ke ɗaukar zafi. Fanka muka saka masa, magana ta ƙare. Ɗakin gwajin inganci, zane a kwamfuta, tsara na'urorin sarrafa injina, haɗa sinadarai, sarrafa abinci, babu wanda ke buƙatar ƙwanji. Damuwar iyaye a kan aikin dare da cuɗanya gaskiya ce, kuma wadda ta fi dacewa ta amsa ta ita ce mace injiniya mai aure da 'ya'ya. Ƙungiyarsu ta APWEN za ta iya turo maka.

Hanyoyin shiga

Akwai wurin da yawancin yara ke rufe wa kansu ƙofa ba su sani ba, wato fom ɗin JAMB. Likitanci na son Turanci, Bayoloji, Fiziks da Kemistiri. Injiniya na son Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Darasi ɗaya ne bambancin. Guraben likitanci kuma ƙayyadaddu ne, hukumar likitoci ce ke yanke wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, shi ya sa za ka ga yaro mai ƙoƙari ya rubuta sau uku, daga ƙarshe a tura shi kwas ɗin da bai taɓa mafarki ba. Ka zauna da su tun SS2 da sakamakonsu a gaba. Wanda lissafinsa ya fi haddarsa ƙarfi, ka faɗa masa. In makarantarku na koyar da ƙarin lissafi da zanen fasaha, ka tura su, don su ne ke sauƙaƙa shekarar farko da ta biyu.

Digiri shekara 5 ne, ga BUK, ga Jami'ar Aliko Dangote ta Wudil, ga ABU Zariya a kusa. Foliteknik kuwa, irin ta Jihar Kano ko ta Kaduna, ND shekara 2, a fita aikin shekara guda, a dawo HND shekara 2, kuma mai ND mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye. Ba zan ɓoye maka ba, a aikin gwamnati har yanzu ana fifita digiri a kan HND, kuma hukumar COREN mai kula da aikin injiniya, kowa da rukunin da take yi masa rajista. A cikin kamfani kuwa maigida injinsa ya sani, kuma sau da yawa ɗan foliteknik kan riga ɗan jami'a kama aiki. Ga ƙannensu 'yan JSS3 akwai kwalejojin fasaha na gwamnati da ke kai wa jarrabawar sana'a da fasaha ta NABTEB, ƙarƙashin hukuma ɗaya da makarantun kimiyya irin su Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka kafa a 1977. Abin takaici, iyaye na rububin na kimiyyar, na fasahar kuma ana kai musu wanda aka ga kamar ba zai iya ba.

Duk hanyar da yaro ya bi, shawarata ɗaya ce: ya sami shago. Dogon hutu, yajin aiki, zaman jiran sakamako, ya je wurin mai naɗin koyil ko mai haɗa sola ko mai gyaran firji ko mai sassaƙar ƙarfe, ya yi shara, ya miƙa sifana, ya ci faɗan oga. In lokacin SIWES ya zo, wanda asusun horar da ma'aikata na ITF ke kula da shi, kar ya nemi ofishin kawunsa inda za a sa masa hannu a littafi yana gida. Wata shidan nan na SIWES a aji huɗu na jami'a su ne tambayar farko da nake yi wa mai neman aiki, kuma cikin minti biyar nake gane wanda ya yi da wanda aka sa wa hannu.

Abin da ba zan ɓoye musu ba

Kamfani akwai ƙara, akwai zafi, a watan Afrilu kusa da injin roba sai wanda ya gani. Akwai aikin dare, kuma injin bai san Sallah ba. Na sha barin tuwo a gabana. Albashin farko ba ya burge kowa, wasu kamfanonin ma a matsayin ɗan wucin gadi za su riƙe matashi shekara da shekaru. Akwai haɗari na gaske, na san masu yatsu tara. Abokinsa da ya shiga kasuwar Kwari yana iya riga shi yin aure da sayen mota, kuma ya kamata ya ji haka daga bakinka kafin ya gani da idonsa. Samun wannan aiki a hankali yake zuwa, yana ƙaruwa da abin da hannu da kai suka tara, har ranar da za a fara nemansa da suna.

Kuma ba kowa za ka ja ba. Yarinyar da zuciyarta ke kan jinya ka bar ta, muna buƙatarta. Wanda kake nema shi ne mai kwance rediyo da tocila, mai tambayar "me ya sa", wanda in abu ya ƙi aiki ba ya iya barci. A kowane aji akwai su, sau da yawa ba su ne na ɗaya ba, wani lokacin ma su ne ake kora waje don surutu. Kai ka san su, ni daga nan ba zan iya nuna maka su ba. Abin da na faɗa kuma daga ɓangaren injina da lantarkin kamfani ne. Ga masu son gine-gine ko manhajar kwamfuta ka gayyato masu wannan aikin su yi musu bayani da bakinsu. Ba kuma zan yi wa kowane yaro alkawarin aiki ba, arziki na Allah ne.

Shi kuwa uban da ya tare ka, kar ka yi gardama da shi a bakin ƙofar makaranta. Ranar da za ku je kamfanin shinkafar ka ware kujera biyu ko uku a motar don iyaye, ka ce masa ya zo da rufaffen takalmi. In kun shiga ka bar shi ya tambayi manajan da kansa wa ke gyara na'urar tsince baƙin nan in ta tsaya, daga ina ake kiransa, kuma nawa ake biyansa.